Daga Zangon Lome Zuwa Ikko Ta Teku: Shirin Da Muke Yi

Da yawa daga cikinku sun ga muna sammako muna nufar bakin teku, har wasu na tambaya ko mun bar sayar da goro da shanu mun koma su ne. To ga bayani. Mu shida ne muka ɗaura niyyar tuƙa kwale-kwale da filafili daga Lome zuwa Ikko, tafiyar kusan kilomita 250, muna bin gaɓa.

Dalilinmu shi ne tarihi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 fataken Hausawa suka fara ɗora goron ƙasar Asante a jiragen ruwa daga Ankara zuwa Ikko, maimakon doguwar hanyar jakuna ta Salaga. Kakanninmu sun wuce ta gaban wannan gari a kan ruwa. Mu kuwa jikokinsu, tun da aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari a 1977 aka maido mu nan arewa wajen Togblekope, sai muka ƙara juya wa teku baya. Akwai yaran da aka haifa a nan, teku na nesa da su da abin da bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba, amma ba su taɓa tsoma ƙafa a cikinsa ba.

Da farko mun ɗauka abin wasa ne. Mun ji labarin Hannes Lindemann, likitan nan Bajamushe da ya ƙetare Tekun Atlantika a 1955 cikin kwale-kwalen itace irin na Laberiya, ya sake ƙetarewa a 1956 cikin ɗan ƙaramin jirgin roba, kwana 72. Mun kuma ji na Aleksander Doba ɗan ƙasar Polan, wanda ya tashi daga Dakar a watan Oktoba 2010 yana da shekara 64, ya isa Barazil a Fabrairu 2011. Muka ce in tsoho ya yi wannan, mu me zai hana mu?

Amsar ta zo mana ranar gwajin farko. Mun je sabuwar tashar masunta ta Gbetsogbe, wadda aka buɗe a 2019 da taimakon Japan, muka sami wani dattijo Bafante da ya yarda ya koya mana. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "'Ya'yana, wa ya iya ruwa a cikinku?" Muka ce, "Baba, mutum biyu." Ya ce, "A tafki ko a teku?" Muka yi shiru. Ya kai mu wani fili a bakin yashi, ya ce mu tura jirgin. Ko taku ashirin ba mu yi ba igiyar ruwa ta ɗaga mu ta kife. Buhun garinmu ya tafi, wayar mutum ɗaya ta tafi, babbanmu ya sha ruwan gishiri har ya yi amai. Baba yana tsaye yana dariya.

A ranar muka gane cewa babban haɗarin wannan gaɓa ba can tsakiya yake ba. Yana nan bakin yashi, inda raƙuman ruwa ke karyewa. Shi ya sa ma Jamusawa suka gina gadar jiragen ruwa a Lome a 1904, kuma ita ma teku ya karya ta a 1911. Baba ya koya mana ƙirga raƙuman: manya suna zuwa a jere, sai su ɗan lafa, a wannan ɗan lokaci ne ake tuƙi da dukkan ƙarfi, hancin jirgi na fuskantar ruwan sak. In jirgi ya ba ruwa gefensa, shi ke nan. Wata uku muka yi muna koyon fita da shigowa kawai, tare da koyon iyo da yadda ake birkito jirgin da ya kife a kwashe ruwan cikinsa.

Jirginmu na itacen wawa ne, wanda ake sassaƙowa daga dazukan Gana, mara nauyi, ba ya nutsewa ko ya cika da ruwa. Lokacin tashi kuwa mun zaɓi bayan damina. Daga Yuli zuwa Satumba teku na hauka, ko da yake lokacin ne kifi ke yawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu yana kwantawa, sai dai hazon hunturu kan ɓoye gaɓa, don haka muka sayi kamfas. Ruwan gaɓar nan gabas yake gangarawa, wato yana tura mai zuwa Ikko, yana kuma wahalar da mai dawowa. Saboda haka a mota za mu komo.

Zangon farko Aneho ne, bayan mun wuce doguwar gadar lodin fosfat ta Kpeme. A hanyar za mu ga inda teku ya cinye tsohon titin Lome zuwa Aneho, ɓarnar da ta tsananta bayan gina babbar tashar jiragen ruwa a 1968, domin katangarta na tare yashin da ke gangarowa gabas. Daga nan sai Grand-Popo a Benin, sai bakin Kogin Mono inda ruwa biyu ke haɗuwa, wurin da Baba ya ce mu ba shi tazara sosai. Sai Wida, Kwatano, Badagiri, sai Ikko. Ba za mu kwana a kan ruwa ba ko sau ɗaya.

Guzurinmu na fatake ne: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino da sukari, duk a cikin robobi masu murfi da aka ɗaure a jikin jirgi. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a yini. Kowa da rigar ceto, da usur, da tocila. Takardunmu na ƙetare iyaka suna cikin leda biyu. Wani jirgi mai inji zai riƙa bin mu a baya. Limaminmu ya tabbatar mana cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma za mu yi ƙasaru. Alƙibla daga nan gabas ce da ta karkata arewa.

Akwai abin da ya sa muka rubuta wannan dalla-dalla. Ƙaraminmu yana da wa, wanda shekarun baya ya biya kuɗi aka sa shi cikin jirgin da aka ce zai kai su Gabon da dare. Har yau mahaifiyarsu ba ta ji ɗuriyarsa ba. Manyanmu na tuna jirgin Etireno da ya yi ta gararamba da yara a teku a 2001 kafin ya komo Kwatano. Mu da za mu bi gaɓa muna hangen itatuwan kwakwa, wata uku muka yi muna koyon taku ashirin na farko. To ina ga wanda aka cusa cikin jirgi a duhu, bai iya ruwa ba, ba rigar ceto, bai san ko lita nawa aka ɗauka ba? Samari, duk wanda ya ce muku teku hanya ce mai sauƙi, ku zo Gbetsogbe da safe ku gani da idonku.

Mahaifiyar yaron ta hana shi binmu har sau biyu. Sai da ta zo da kanta ta ga yadda yake faɗawa ruwa yana hawowa jirgi, sannan ta ce, "Allah Ya kai ku, Ya dawo mini da kai." Muna roƙon jama'a irin wannan addu'a. In Allah Ya yarda, za ku ji yadda ta kaya bayan mun komo.