Ranar Da Fuskar Kwamfuta Ta Soma Ƙyaftawa

Saura kwana uku ɗalibin ya miƙa kundin digirinsa, sai fuskar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta soma ƙyaftawa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Aikin shekara guda yana ciki, ba shi da kwafi ko'ina. Mai gyara ya ce sai an sake fuskar ɗungum, kuɗin kuwa ya fi ƙarfinsa.

Da dare ya jona ta da talabijin ɗin maƙwabcinsa da igiyar HDMI. Hoto ya tsaya cak. Ashe cikinta lafiya lau! Ya kuma lura ba ta ƙyaftawa sai ya motsa murfin. Siririyar wayar da ke ratsa mahaɗar murfi ce ta goge, saboda yawan buɗewa da rufewa. Kafin ya koma kasuwa neman wata, sai da ya kwashe kundin a filashi biyu.