Ranar Asibiti Ta Fi Ranar Kasuwa

Shekara talatin ke nan ina bin hanyar Yendi zuwa Gushegu ina saro masara da gyaɗa. A da, in na sauka kasuwar Gushegu, buhu da mudu kawai nake gani. Bana kuwa idona na kan ƙanena, wanda muke fatauci tare.

Bara waccan aka yi masa aiki a asibitin Korle Bu da ke Accra, aka yanke ɓangaren hantarsa da ciwon daji ya kama. Tushen abin ƙwayar cutar hepatitis B ce, wadda mu duk muke haɗawa mu ce shawara. Da muka dawo zangon Yendi sai muka yi sadaka, muka ce an gama. Ashe yanzu aka fara.

Likita ya gaya mana gaskiya. Hanta takan sake tofowa, amma ciwon yakan dawo wa fiye da rabin waɗanda aka yi wa aiki cikin shekara 5. Abin da ke ƙara kwana, da yardar Allah, shi ne shan maganin tenofovir kullum, da gwajin jini na AFP da hoton ciki duk wata 3 zuwa 6. In an gano shi yana ƙarami, akwai abin yi.

To, ga matsalar ɗan kasuwa: ba ya zama. Lokacin albasa muka haura Bawku ta Nakpanduri, ciniki ya yi daɗi, magani ya kusa ƙarewa, ranar hoto a Tamale ta matso. Ya ce, “Yaya, a bar ni sati biyu mana, ai na warke.” Na ce, “Wallahi ko za mu yi asarar lodin nan, gobe kana mota.” Mun yi asarar kuwa. Hoton ya fito lafiya lau.

A Salaga, tsohuwar kasuwar goro mai rijiyoyi barkatai, gwaggonmu ta tarbe mu da jiƙo a galan. Don ƙauna ta yi. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce hantar da aka yanka ba ta ɗaukar abin da ba a san awonsa ba.

Amma a Gushegu na ji kunya ta gaske. Ina kallon mata na tsince gyaɗa, mai kyau a buhu, mai fumfuna a gefe. Ina ruɓaɓɓiyar take zuwa? Gidajenmu, a miya da ƙuli-ƙuli da abincin yara. Gubar da ke cikinta, aflatoxin, dafuwa ba ta kashe ta, kuma in ta haɗu da hepatitis B, hanta ce ke shan wahala. Ni ma na sha kai irinta gida don tana da araha. Yanzu na daina, hatsina kuma sai ya bushe ƙarau nake ɗurawa, a kan katako nake jera buhu.

'Yan'uwa, sai a 2002 Ghana ta sa rigakafin wannan cuta cikin allurar jarirai. Mu da muka riga, a je a yi gwaji, da mu da matanmu. Ni na yi. Ƙanena kuwa, ranar asibitinsa na rubuce a shafin farko na littafin bashi, sama da sunan kowa.