Barci a Jirgin Ngawundare

Tsakanin Yawunde, babban birnin Kamaru, da Ngawundare akwai tazarar sama da kilomita 600, kuma tun 1974 layin dogo ya haɗa su. Jirgin fasinja yakan tashi da almuru, ya kwana yana ratsa daji, ya isa da hantsi. Wani taron ƙara wa juna sani a jami'ar Ngawundare ne ya sa na shige shi.

Taragon kwana ɗakuna ne ƙanana, wasu masu gado 2, wasu masu 4, ɗaya bisa ɗaya. Na samu gadon sama. A ƙasana akwai wani dattijo mai fataucin shanu, Bahaushen Kamaru wanda kakansa ya fito daga ƙasar Kano. Hausarsa garau take, sai dai lissafin kuɗi da Faransanci yake yi. Ya miƙo mini goro, ya ce, "Malam, ka yi barcinka. Idan mun zo Belabo hayaniyar masu talla za ta tashe ka." Haka kuwa aka yi. Cikin tsakar dare mata suka yi dafifi a gindin tagogi da ayaba da ƙullin rogo a ganye, ana ciniki da hasken tocila kafin jirgi ya yi kuka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne barcin kansa. Mutum huɗu da ba su taɓa ganin juna ba sun tuɓe takalma, sun tura jakunkuna ƙarƙashin gado, sun rufe ido. Dattijon nan, wanda na tabbata akwai kuɗin shanu a jikinsa, har da minshari. Ni kuwa na daɗe ina sauraren ƙarar ƙafafun jirgi, duk tsayawar da ya yi a daji sai gabana ya faɗi. Wanda ya san abin da ya auku a jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ba zai yi mamakina ba.

Mu ma fa mun taɓa mallakar irin wannan dare. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma iyayenmu sun sha kwana a jirgin Ikko, su ƙetare Kwara a Jebba suna barci. Ɗalibaina na yau, in aka ce tafiyar dare, motar haya suke tunawa, da uwar da ba ta runtsawa sai an bugo mata waya an ce an sauka lafiya.

Da asuba sanyin tsaunukan Adamawa ya shigo ta taga. Dajin kudu ya ƙare, sai ciyawa da garken shanu, masu talla kuma sun koma Fulatanci, suna ɗaga kwalaben zuma. Dattijon ya saya mini ɗaya, ya rantse ba zai karɓi kuɗina ba. A Ngawundare dogon ya ƙare. Mai zuwa Garwa ko Marwa sai ya nemi mota.