Tsinken Tsintsiya Ba Ya Auna Faɗin Ƙafa

Da yawa daga masu tsayawa gaban rumfar kawuna a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ba sa zuwa da ƙafar da za ta sa takalmin. Tsinken tsintsiya suke zarowa daga aljihu, wani lokaci a ɗaure da zare: wannan na uwargida, wannan na amarya, gajerun na yara. Aikina, ina yaron rumfa, shi ne in zura tsinken cikin takalmi, in ya kwanta daidai a yi ciniki. Daga Ƙauran Namoda muke ɗauko kaya, garin da ya zama zangon fatake tun da layin dogo ya iso shi a 1929, mu bi kasuwanni har Zurmi. A wannan yawon na san ƙafar mutane, ƙafar manomi mai kanta da faso, da ta ɗan makaranta, da ta tsohuwa mai kumburi.

Tsinke tsawo kaɗai ya sani. Bai san faɗin ƙafa ba, bai san tudun bayanta ba, bai san cewa a wurin mutane da yawa ƙafa ɗaya ta ɗan ɗara 'yar'uwarta ba. Wanda ya tashi yana tafiya ba takalmi ko da silifa, yatsunsa a baje suke, alhali yawancin sau-cikin da ake sarowa daga Kano mai tsukakken baki ne. Sai ka ga lamba 42 ta yi wa mutum daidai a tsawo, amma ƙaramin yatsa na hawa kan ɗan'uwansa. Ƙashi 26 ne a ƙafa guda, kowanne yana son wurin motsawa. In aka matse su, sai bororo a diddige, sai kanta a kan yatsu, sai farcen babban yatsa ya nutse cikin nama ya yi ruwa.

Kawu ba ya faɗin kalmar nan da 'yan kasuwa suka saba, wato "zai saki". Fata ta gaske, irin wadda dukawa ke ɗinkawa, takan ɗan saki a faɗi, amma ba ta ƙara tsawo. Roba kuwa ba ta saki, sai dai ta yage ko ta yaga mai ita. Idan mutum ya gwada yana yamutsa fuska, kawu kan ce, "Alhaji, wanga ya matse ka, miƙe tsaye mu gani." Sai ya danna bakin takalmin da babban yatsan hannu. In babu sarari kamar faɗin yatsan nan tsakanin bakin da yatsa mafi tsawo, ba zai sayar ba, ko da ciniki ya faɗa. Yakan sa mutum ya gwada ƙafa biyu, ya taka zuwa rumfar maƙwabci ya dawo. Ya fi son mai saye ya zo bayan La'asar, domin ƙafar da ta wuni tana zagaya kasuwa ta riga ta kumbura, girmanta na gaskiya ke nan.

Abin da ya fi sosa min rai shi ne takalmin Sallah na yara. Uba ya saya da girma ainun don ya kai baɗi, a cusa tsumma a bakinsa, yaro ya wuni yana ja yana tuntuɓe, yatsunsa a ƙanƙame don kada ya fita. Na san halin da ake ciki, musamman yanzu da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, kuma ban ga laifin mai lissafin kuɗinsa ba. Amma mai maɗauri a baya, ko da na gwanjo ne, ya fi sabon da yake yawo a ƙafa.

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗin. Ga tsidau da ƙarangiya, ga rairayin bazara mai ƙuna, ga kububuwa a gona lokacin girbi. Silifa ta banɗaki ce da tsakar gida. Mai zuwa gona yana buƙatar ƙasan takalmi mai kauri, shi ya sa har yau nake girmama takalmin taya, in kuma da hali, dogon takalmin roba mai rufe ƙwauri.

Darasi mafi nauyi a Zurmi na same shi, wurin wani dattijo abokin cinikinmu mai ciwon suga. Ciwon ya kashe masa jin ƙafa. Kan ƙusa ya ɓullo a cikin takalminsa, ya yi ta takawa bai sani ba, sai da jikarsa ta ga jini a tabarmar sallarsa. Gyambon ya kai shi kwanciya asibiti, aka yanke yatsa. Da ya warke ya dawo rumfa, kawu ya zaɓo masa mai taushi, mai faɗin baki, marar ɗinki a ciki, ya ce, "Baba, kullum ka zura hannu ciki kahin ka sa, dare ya yi a duba maka tahin ƙahwa." Ya kira jikar, ya nuna mata tsakanin yatsu da ƙasan diddige, wuraren da tsoho ba ya iya gani da kansa, ya ce ko ja kaɗan ta gani kada a jira ranar kasuwa, a kai shi asibiti.