Baƙin Kano Da Abin Da Suka Bari A Ɗakunanmu

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, zance ne a kan baƙin da suka zo Kano daga nahiyar Asiya, wato Kwara da Indiyawa da 'yan China. Kada wata ta ce ina ruwan biri da gada. Ke dai ɗaga kai ki dubi ɗakinki, atamfar da ke cikin akwatin lefenki, da kwanukan jerenki, da fim ɗin da kike kallo bayan isha'i, kowanne akwai hannun baƙo a ciki.

Bari mu fara da Kwara, mutanen Labanan da Siriya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ƙasarsu tana ƙarƙashin daular Turkiyya, talauci ne ya koro da yawansu, ba wai da dukiya suka zo ba. Turawa suka ba su wuri a wajen ganuwa ta gefen Fagge, kanti a gaba, iyali a baya. Wannan wuri shi ne ya zama Kantin Kwari da muke zuwa haɗa lefe. Har gobe akwai titin Beirut da titin Labanan a Kano. Yaƙin basasar Labanan daga 1975 zuwa 1990 ya ƙara turo wasu. Abin da ke burge ni da su shi ne, jikan Kwara zai yi miki Hausar Kano kamar jakin birni, amma in ya shiga gida Larabci yake yi da uwarsa, abincin ƙasarsu take dafa masa. Shawarmar da yaranmu ke kuka a kanta daga hannunsu ta fito.

To su ɗin ne kuma suka riƙe harkar silima. An buɗe Rex a 1937, daga baya aka buɗe Palace a cikin birni, malamai suka yi ta faɗa. Masu silimun nan su suka riƙa shigo da finafinan Indiya, suka ga jama'a sun fi son su a kan na Amurka. Dalili kuwa a fili yake, ga kunya, ga girmama iyaye, ga auren dole, ga uwar miji mai zafi, kamar a gidajenmu aka ɗauka. Mace mai mutunci ba ta zuwa silima, saboda haka iyayenmu mata a talabijin suka same su, tun da tashar Kano ta fara nuna su wajen 1977. Har sunaye aka raɗa wa 'yan wasan, Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin.

Su Indiyawan kansu sun zauna tare da mu, wasu 'yan kasuwa, wasu likitoci, wasu malamai. Gwaggona da ta yi sakandare a shekarun 1980 ta ce malamar lissafinsu Ba'indiya ce, da sarinta da ɗigon ja a goshi, kuma ba ta yarda yarinya ta ce ba za ta iya ba.

'Yan China kuwa kashi biyu ne. Na farko sun zo daga Hong Kong a shekarun 1960, suka kafa masana'antu na atamfa da kwano da takalman roba, suka ɗauki 'ya'yanmu aiki. Babbar masaƙar nan ta UNTL da aka kafa a Kaduna a 1964 tasu ce. Na biyu 'yan kasuwa ne da suka cika Kantin Kwari bayan shekarar 2000 da yadi mai araha. Rigima ta tashi har hukumar shige da fice ta kama wasunsu a 2012. Amma a 2019 Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya naɗa wa ɗayansu rawani, Wakilin 'Yan China. Haka Kano take, ko da me ka zo an fi ka, amma ba a korar baƙo.

Yanzu ga inda na dosa. Ni marubuciya ce, kuma babu gorin da ba a yi mana ba, wai littattafanmu kwaikwayon Indiya ne. To ni ban ɗauki aro abin kunya ba, sai dai aro iri biyu ne. Akwai wanda za ki karɓa ki sarrafa da hannunki har ya zama naki, akwai kuma wanda kuɗinki kawai za ki miƙa ki zauna.

Dubi na farko. Mun kalli Indiya, sai muka ɗauki alƙalami muka rubuta namu kukan, kishiya da saki da yarinyar da aka cire daga makaranta. Masu bandiri suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka mayar yabon Manzon Allah (SAW). Aka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, yau ga Kannywood tana ciyar da dubban gidaje. Abin daɗi ma, littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kwikwiyo, na 1990, wani kamfanin ɗab'i na birnin Chennai a Indiya ne ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Kun ga kayan aro ya koma gidan mai shi da sabon kaya a kai.

Dubi na biyu kuma. Marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 take, yau ramuka da yawa sun bushe. Mata ne ke zaune a cikin gida da allura da zare suna ɗaure farin yadi, maza su tsoma a ruwan baba da toka, masu bugu su buga har ya yi sheƙi. Da kuɗin ɗaurin nan mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun leƙa ƙofar gida ba. Sai ga shi ana ɗaukar zanen namu a kai China, inji ya buga dubbai, a dawo mana da shi da rahusa, mu kuma mu yi layi mu saya. Maƙwabciyata da ke ɗauri ta ce wani lokaci sai ta yi wata guda ba a kawo mata aiki ba, kuma cikin 'ya'yanta huɗu mata babu wadda ta yarda ta koya.

Ban ce laifin baƙo ba ne, shi nema ya fito, kuma mai ƙaramin ƙarfi dole ta sayi abin da aljihun maigida zai ɗauka. Amma ku lura, Kwara sun fi shekara ɗari a Kano ba su yar da harshensu da girkinsu ba, domin uwa ta riƙe, ta miƙa wa 'yarta. Mu da muke kan ƙasarmu me zai sa namu ya mutu a hannunmu?

Shawarata ƙarama ce. Ke amarya, in ana haɗa lefe ki ce a sa miki rinin gida ko turmi ɗaya ne. Ke uwar gida, in kin iya ɗauri ko saƙa ko ɗinkin hula, ki zaunar da 'yarki ta koya ko da tana boko, ba a san inda rana za ta faɗi ba. Ke kuma 'yan mata, ki kalli Indiyarki, amma in an tashi ki tambayi kanki me hannunki ya iya.

Allah ya ba mu zaman lafiya da baƙinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.