Daga Rikkos zuwa Dutsen Shere: Dole ne keken zango ya ɗauki kaya a gaba?

 Yau ba daga bayan kanta zan yi muku magana ba. Daga tsakar gidanmu da ke Rikkos a Jos zan fara, inda musu ya kaure tsakanin Ummanmu da Autanmu a kan kayan keke, har aka aiko a kira ni raba gardama.

Ga wanda bai san Rikkos ba, unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, maƙwabciyar 'Yan Shanu, gidajenta a matse tsakanin duwatsu, lungunanta hawa da gangara. Idan ka fito da sassafe ka fuskanci gabas, za ka hango duwatsun Shere cikin hazo. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. Tsakaninsu da gari kamar kilomita 10 ne. A taswira kusa ne, a ƙafar mai tuƙa keke kuwa akwai aiki.

Tun lokacin da Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a kan keke a shekarar 2021, ya ratsa Nijar da Chadi da Sudan, ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022, samarin garin nan suka ƙara ɗokin doguwar tafiya a keke. Auta da abokansa uku suka shirya cewa a hutun Disamba za su tuƙa zuwa gindin Shere, su kafa tanti su kwana ɗaya, su dawo washegari. Matsalar ita ce Auta yana da asma tun yana yaro. Umma ta ce ba inda za shi sai Yayarsa ta duba kayansa ta amince.

Shi kuwa ba asmar ce ta dame shi ba. Ya ga Turawa a bidiyo da jakunkuna huɗu a keke, biyu rataye a gefen ƙafar baya, biyu a gefen ƙafar gaba. Na baya ya samu a gwanjo, na gaba yake so a ba shi kuɗi ya saya. "Yaya, wallahi ba a tafiyar zango sai da su," in ji shi. Umma ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, gayu kake so."

Waɗannan jakunkuna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mangala ce, irin wadda ake ɗora wa jaki, aljihu a dama aljihu a hagu. Duk mai jaki ya san idan gefe guda ya fi nauyi mangala za ta zame. Abin da ya bambanta shi ne jaki ƙafa huɗu gare shi, keke kuwa biyu, don haka bayan daidaita dama da hagu akwai kuma daidaita gaba da baya.

Sikeli ne ya raba gardama

Aikina ya koya mini kada in yarda da ƙiyasin ido. Na aika aka ɗauko sikelin awon nauyin mutum, Auta ya hau shi kaɗai, sannan ya sake hawa rungume da kayansa. Bambancin kilo 23 ne. Da muka zazzage, sai ga ruwa lita 6, wato kilo 6 ke nan, domin kowace lita kilo guda ce. Ga tanti, ga bargo biyu, ga tukunya da kurfoti da ƙullin gawayi, ga takalma biyu, ga kayan sawa kala huɗu saboda kwana ɗaya, har da lasifikar jin waƙa. Da na tambayi ina maganin shaƙarsa, sai da aka kwashe rabin jaka kafin a same shi a ƙasa, ƙarƙashin tukunya.

Na ce ya ɗaure komai a baya yadda ya yi niyya, ya gwada hawan da ke bayan layinmu. Bai yi nisa ba ƙafar gaba ta fara ɗagawa daga ƙasa, kan keken yana rawa. A gangarowa kuma bayan ya riƙa wutsil-wutsil kamar jelar kifi, sai da ya sa ƙafa a ƙasa. Yaran layi suka yi ta dariya, Umma kuwa salati take yi.

Dalilin a fili yake. Ko babu kaya, ƙafar baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin mai tuƙi. Idan aka ƙara mata kilo 20 da ɗoriya, musamman aka tula su sama a kan kariya, ƙafar gaba ta zama ba ta da riƙo. A hawa ta ɗaga, a gangara ta yi rawa, a kwana mai tsakuwa ta zame. Wayoyin ƙafar baya kuma su fara tsinkewa, taya ta riƙa neman faci. Yawancin kariyar baya da ake sayarwa an rubuta musu iyakar kilo 25, amma wannan iyakar ƙarfen ce, ba ta nufin keken zai tuƙu lafiya da wannan nauyi a kan duwatsun Filato.

Amfanin mangalar gaba ke nan. Idan aka mayar da wani kaso na nauyin gaba, aka rataye shi ƙasa-ƙasa daidai tsakiyar ƙafar, keken yakan natsu, ya bi hanya sak. Sai dai ita ma da nata. Kariyar gaba da jakunkunanta kafin a sa musu komai sun kai kusan kilo biyu. Suna tare iska, suna sa kan keke nauyin juyawa, kuma da yake a ƙasa suke, a siririyar hanyar ƙafa sukan bugi dutse ko su maƙale a shinge. Yawancin kekunan hawan dutse masu sifirin a gaba ma ba su da ramin ɗaura irin wannan kariya. Babban aibinsu kuma shi ne wuri in ya samu sai an cika shi. Jakunkunan baya na kamfanin Ortlieb na Jamus, waɗanda matafiya suka fi sani, suna cin lita 40 su biyun, na gaba kuma lita 25. Mai lita 65 zai sami abin cika lita 65.

Na ba Auta labarin Thomas Stevens, mutumin farko da ya zagaya duniya a keke. Ya tashi daga San Francisco ta Amurka a 1884, ya kammala a Japan a ƙarshen 1886, kuma guzurinsa bai wuce ɗan ƙunshi ba. Na ce masa in wannan ya keta nahiyoyi haka, kwana ɗaya a Shere ba zai gagare ka da jaka biyu ba.

Muka rage kaya. Kurfoti da gawayi suka koma kicin, aka maye su da burodi da ƙuli-ƙuli da dabino da dafaffen ƙwai. Tanti ɗaya ya ishi mutum biyu, sai suka raba, wani ya ɗauki rumfar, wani sandunan. Ruwa lita biyu ya koma cikin gorunan da ake maƙalawa a tsakiyar keke, inda nauyi bai damun kowace ƙafa, aka bar lita biyu a baya. Sikeli ya nuna kilo 13. Abu ɗaya na saya masa da kuɗina: ƙaramar jaka da ake ɗaurawa a kan keke, gaban mai tuƙi. A ciki na sa maganin shaƙarsa, da tocila, da waya, da takarda mai ɗauke da sunansa da ciwonsa da lambar gida.

Hanyar Lamingo

Kayan sammako da marece ake ɗaure shi. Bayan sallar asuba suka tashi cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, ni da maigidana muka bi su a mota a hankali. Muka bar hayaniyar 'Yan Shanu, muka kama hanyar Lamingo, wajen da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yake da mazauninsa na dindindin. Daga nan gari ya fara sakin mutum. Bishiyoyin turare a jere, ruwan dam yana tururi da sanyin safiya, manyan duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su. Yankin Afizere ne, waɗanda muka fi sani da Jarawa. Gonakinsu da gidajensu a kewaye suke da shingen ƙyarana, ita ce kuma na gargaɗi yaran a kanta, domin farin ruwanta in ya shiga ido yana ƙuna ƙwarai, sai an yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

A hawa na biyu aka ga bambanci. Auta yana hawa a hankali yana haki, amma kekensa na tafiya sak. Ɗaya abokin nasu da ya ƙi rage kaya, ya ɗaure ƙatuwar jakar bakko a kariya da roba, sau uku yana sauka yana turawa. Kafin su kai inda kwalta ta ƙare wayoyi biyu sun tsinke a ƙafarsa ta baya, dole muka karɓi rabin kayansa a mota.

Duk mun san abin da garin nan ya gani, don haka ba a kwana a dajin Filato da ka. Maigidana ya kai su suka gaida mai unguwar ƙauyen, suka faɗi ko su waye da abin da ya kawo su, aka nuna musu fili kusa da gidaje, aka kuma sanar da jami'an tsaron yankin. Sannan muka juyo.

Wajen ƙarfe biyun dare, in ji Auta, sanyi da ƙurar hunturu da hayaƙin wutar da suka hura a waje suka taru suka riƙe masa ƙirji. Cikin duhu ya miƙa hannu ga 'yar jakar da ya ciro daga kan keke ya ajiye a gefen kansa, ya shaƙi maganin, numfashi ya dawo. Da yana ƙarƙashin tukunya a ƙasan mangala, Allah kaɗai Ya san yadda daren zai ƙare. Umma ba ta ji wannan ba sai da ya dawo ya ci tuwo.

To, a saya ko kada a saya?

Ga ra'ayina. Idan tafiyar kwana ɗaya ce ko biyu, akwai gari ko ƙauye a kusa, kuma kayan ba su wuce kilo 15 ba, jakunkunan baya da ƙaramar jakar kan keke sun wadatar. A sa masu nauyi a ƙasan jaka, dama da hagu su yi daidai. Idan kuwa tafiyar mako ce ko fiye, ko hanya ce da sai an ɗauki ruwa da abincin kwanaki, ko uba ne zai ɗauki kayan yaransa, har nauyi ya doshi kilo 20, to a raba shi, kamar kashi ɗaya cikin uku ya koma gaba. Mai shirin doguwar gangara irin ta Hawan Kibo ya ƙara kula da wannan, ya kuma duba birkinsa. In mai walda ne zai ƙera kariyar gaba, a tabbatar ta ɗauru da ƙusa a wuri fiye da ɗaya, kuma babu igiya ko roba da ke lilo. Abin da ya shiga wayoyin ƙafar gaba kan tsayar da ita nan take, mai tuƙi ya wuntsila ta ka. Hular kwano dole ce. Goya jaka mai nauyi a baya kuma ba mafita ba ce, ciwon baya da kafaɗa take kawowa.

Ko jaka nawa ce, wuri mafi kusa da hannu na magani ne. Mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa, ya duba bai ƙare ba. Mai ciwon sukari ya ga likitansa kafin tafiya, ya ajiye dabino ko sukari kusa, kada kuma ya bar insulin a jakar da rana ke duka. A ɗauki ƙunshin ORS, a karanta adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. A ɗauki farasitamol da filasta da bandeji da gidan sauro. A guji ibuprofen da diclofenac lokacin da jiki ya bushe da gumi, suna wahalar da ƙoda. Tiramadol don ƙarin ƙarfi kuwa halaka ce. Ruwan rafi a tafasa shi, ko a sa ƙwayar kulorin a jira minti 30.

Kada a shigar da gawayi cikin tanti komai sanyi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Kada a yi wanka a kududdufan da haƙar kuza ta bari, zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani. In maciji ya sari mutum, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A hana gaɓar motsi a garzaya asibiti.

Auta ya fasa sayen mangalar gaba, ya sa kuɗin a sabuwar taya da hular kwano. Yanzu maganar zuwa Kurra yake yi in damina ta wuce, Umma kuma ta ce sikelin nan ya zauna a ɗakinta. Idan naku ɗan ya zo da irin wannan buƙata, kafin ku ce e ko a'a, ku ce ya kawo kayan a auna, ku kuma tambaye shi ina ya sa maganinsa.