Batirin Motar Lantarki da Zafin Ƙasarmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana a kan motar lantarki, gama na sha jin waɗansu suna cewa wai batirinta ba ya daɗewa.

A ganina wannan zance ya tsufa. Gaskiya ne, motar nan Nissan Leaf da ta fito cikin 2010 ba a yi mata ruwan sanyaya batir ba, har masu ita a jihar Arizona ta Amurka suka yi kuka cikin 2012, cewa zafi ya rage masa ƙarfi tun da wuri. To, maƙera sun yi hankali. Yanzu yawancin motocin nan ruwa ke zagaya batirinsu yana sanyaya shi. A ƙasar Sin kuwa ana yin wani iri da baƙin ƙarfe da fosfet, wanda ya fi jimirin yawan caji. Kamfanoni da yawa har sukan yi alkawarin shekara 8 ko tafiyar kilomita 160,000, in batir ya gaza kafin nan su gyara ko su sake shi.

Amma fa mu mutanen ƙasar zafi ne, galibi kuma tsohuwar mota muke saye, batir kuwa shi ne mafi tsada a jikinta. Saboda haka shawarata ita ce, kada ƙyallin fenti ya ruɗi mutum. Ya tambayi shekarun batirin da yadda ake sanyaya shi, ya sa a auna sauran ƙarfinsa kafin ya biya. In ya saya, ya riƙa ajiye ta a inuwa.

Wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Zariya.